Kanti a Ƙasa, Iyali a Sama: Hattara da Yadda Ake Ɗora Bene a Tasawa da Mayahi

Duk wanda ya bi babbar hanyar da ta taso daga Maraɗi ta ratsa Tasawa zuwa Damagaram, ko ya shiga tsakiyar garin Mayahi, zai ga kantunan da aka zuba wa dal, wato rufin kankare, ƙarafa kuma na tsaye a kan rufinsu sun yi tsatsa, suna jiran ranar da mai gida zai samu kuɗin ɗora hawa na biyu. Niyyar a bayyane take. Ƙasa a ba ƴan kasuwa haya, sama kuwa iyali su zauna, ko a ba malaman makaranta da ma'aikatan asibiti da aka turo aiki. Ni ban ga laifin wannan dabara ba. Ƙidayar 2012 ta nuna kowace ɗaya daga gundumomin Tasawa da Mayahi ta haura mutum rabin miliyan, kuma jama'a kullum ƙaruwa suke yi. Fili a bakin titi ko kusa da kasuwa ya yi tsada, gonakin gefen gari kuma ana ta yanka su ana sayarwa. Gara a hau sama da a ci gaba da cinye gona. Inda gizo ke saƙar shi ne yadda ake hawan.

Yawanci ga yadda abin ke tafiya. Kuɗi ya zo daga ci-rani ko daga cinikin kaka, mai gida ya kira magini, su tsaya a fili su shata ɗakuna da tsinin sanda. A haƙa tushe daidai na ɗaki mai hawa ɗaya, don shi aka iya a lokacin. Bayan shekara uku ko huɗu hali ya samu, sai a ce a ɗora. In wani ya yi tambaya, amsar ɗaya ce: ai siminti ne, zai ɗauka.

To bari mu yi lissafin abin da ake so ya ɗauka. Kankare mai ƙarfe a ciki, in an zuba shi kaurin santimita 15, kowane murabba'in mita ɗaya yana da nauyin kilo 375 ko kusa da haka. Ɗaki mai mita huɗu tsawo, huɗu faɗi, dal ɗinsa kaɗai ya kai tan shida, wato kamar a jibge buhun gero sittin mai kilo ɗari-ɗari a kan mutanen da ke ƙasa, a bar su nan dare da rana. Ba a ma zo kan bangon sama ba, da rufinsa, da mutane da kayansu. Tankin ruwa mai lita 1,000 da ake ɗorawa a ƙoli, in ya cika, tan guda ne. Ga kuma halinmu na ƴan kasuwa: ɗakin da aka gina don kwana, in wake ya yi araha da kaka, sai ya koma sito. Duk wannan nauyi ginshiƙai ne ke sauke shi zuwa tushe, tushe kuma ya miƙa wa ƙasa. Tushen da aka haƙa don hawa ɗaya bai san da wannan magana ba, kuma ba a gyara shi bayan an gama gini sai da kuɗin da ya fi na farko. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ke da niyyar bene, ko da sai nan da shekara goma zai ɗora, ya faɗa tun kafin a sa diga a ƙasa.

Ita ma ƙasar ba ɗaya ba ce. Jigawar Mayahi daban, ƙasar da ke gangarawa Gulbin Kaba daban, bakin tafki a Tasawa daban. Mafi haɗari shi ne tsohon kududdufi, inda kakanni suka ɗebi ƙasar gini, aka yi shekaru ana zuba masa shara har ya cike, yau kuma ya zama fili na sayarwa a tsakiyar gari. Da rani yana nan daram. Da damina ruwa ya ratsa, shara ta lotsa, kusurwa ɗaya ta ginin ta nutse ƙasa da sauran, bango ya tsage a karkace daga bakin taga. Kafin ka sayi fili don bene, tambayi tsofaffin unguwa abin da ke wurin a da. Su ne suka san inda ruwa ke kwana. Damina ta 2024 ta isa darasi: a ƙarshen watan Agusta ruwan sama kamar da bakin ƙwarya ya yi ajalin mutane a birnin Maraɗi, kuma ƴan kwanaki bayan haka tsohon masallacin Birni na Damagaram, wanda ya haura shekara ɗari da hamsin a tsaye, ya rushe.

Sai batun kayan aiki, kuma a nan ne ake yawan cutar mai gida, wani lokaci kuma shi ke cutar kansa. Awon da injiniyoyi suka saba bayarwa don ginshiƙi da dal shi ne buhu bakwai na siminti mai kilo 50 a kowane mita ɗaya na kankare, tsawo da faɗi da tsayi. In aka rage zuwa biyar, ido ba zai gane ba ranar zubi. Yashi ya zama mai tsabta, ba laka ba shara. Tsakuwa ta zama mai ƙarfi, a wanke ta. Lebura yakan ƙara ruwa a kwaɓi don ya yi sauƙin juyawa da shebur, ruwan nan kuwa shi ke kashe ƙarfin kankare. Bayan zubi, a riƙa shayar da dal safe da yamma aƙalla mako guda, musamman lokacin bazara da hunturu, sa'ad da rana da iska ke busar da shi kafin ya nuna. Kankare sai ya yi kwana 28 yake kai ƙarfin da aka lissafa masa. Amma sai ka ga an kwance katakan tokari bayan mako ɗaya don mai su yana da wani aiki a wata unguwa. Ƙarfen da ke ciki kuma dole kankare ya rufe shi da kaurin santimita biyu da rabi zuwa uku. In ya leƙo waje zai yi tsatsa, ya kumbura, ya fasa kankaren daga ciki. Bulo kuwa gwajinsa ba wuya: ɗaga ɗaya ka sake shi a ƙasa mai tauri, ko ka murza gefensa da yatsa. Wanda ya rugurguje ba na bene ba ne, ko nawa aka rage maka.

Kada a ce wannan tsoratarwa ce kawai. A Kano, ranar 30 ga Agustan 2022, wani bene mai hawa uku da ake kan ginawa a kasuwar waya ta titin Beirut ya rufto kan mutane. A Jos, a watan Yulin 2024, ginin wata makaranta ya faɗo wa ɗalibai ana cikin karatu, mutum 22 suka rasu. A Legas, a Nuwamban 2021, bene mai hawa 21 ya zube a unguwar Ikoyi, sama da mutum 40 suka mutu. Waɗannan manyan birane ne masu hukumomin sa ido da injiniyoyi birjik. Garin da mai duba gini bai cika zagayawa ba, mai gida ne hukumar kansa.

A ce ginin ya tsaya da ƙafarsa. Saura tambaya ta biyu, wadda ba a cika yi ba sai an tare: yaya za a zauna a ciki?

Abu na farko matakala. Sau da yawa ita ake tunawa a ƙarshe, a matse ta a lungu, ta yi tsaye kamar tsani, wani lokaci ma ta cikin kanti ake bi a hau. Da dare mai kanti ya ja ƙofar ƙarfe ya sa kwaɗo, tagogin sama duk an yi musu ƙarfen hana ɓarawo, iyali na barci a bisa. Me ke cikin kantin? Wataƙila katifu ne da atamfa, wataƙila tukwanen gas, wataƙila jarkokin man fetur na ƴan ruwa-ruwa. Wuta in ta tashi a ƙasa, hayaƙi sama yake yi, kuma matakalar nan ita ce hanyarsa. Hayaƙin ke kashe mutane tun kafin harshen wuta ya iso. Saboda haka matakalar masu gida ta zama tata daban, ƙofarta ta fita waje kai tsaye, ba ta haɗa hanya da kanti ba. Aƙalla taga ɗaya a sama ƙarfenta ya zama mai buɗewa daga ciki, kowa a gidan ya san inda makullin yake. Mai gida kuma ya sa a cikin sharaɗin haya cewa ba a ajiye fetur a ƙarƙashin ɗakin kwana. Lambar ƴan kwana-kwana 18 ce, amma kafin mota ta iso, matakala ce za ta fitar da ku.

Faɗin matakala kada ya gaza mita ɗaya, kowane taki kada tsayinsa ya wuce santimita 17 ko 18, a kuma yi mata wurin hutawa a tsakiya. In kana shakka, tambayi kanka ko mutum biyu za su iya sauko da mai naƙuda ta nan da tsakar dare, ko makara za ta iya juyawa a kwanar. Shingen baranda ya kai mita ɗaya tsayi, tazarar sandunansa kada ta wuce santimita 11, don kan yaro kada ya shige.

Gidan Bahaushe tsakar gida ce zuciyarsa. Nan ake daka, nan ake girki da wanki da shanya, nan ake shimfiɗa tabarma a kwana in zafi ya yi. Zanen da aka kwafo daga hoton waya, na wani gida a Dubai ko Abuja, bai san turmi ba. Matar da aka kai sama ba tare da fili ba za ta hura gawayi a baranda ko a bakin matakala, ta yi daka a kan dal, ruwan wanki ya bi bango ya sauka kan kayan mai kanti, rigima ta tashi. Mai zane na ƙwarai yakan bar wa masu sama ɗan fili marar rufi mai katanga, ko ya ware musu wani yanki a ƙasa ta baya. Yakan jera makewayin sama a kan na ƙasa don bututu ya sauka a miƙe, ya sa ramin masai nesa da rijiya da kuma tushen gini, inda motar kwasa za ta iya kaiwa. Indararo kuma kada ya zuba a gindin bango, balle a gidan maƙwabci.

Haƙƙin maƙwabci ma abin dubawa ne, don shi ya fi kai mutane gaban mai unguwa. Tagar bene da ke kallon tsakar gidan wani ta hana matan gidan sakewa har abada. Malamanmu sun san hukuncin: Risala ta Ibn Abi Zaid, da ake karantawa a zauruka, ta sa buɗe tagar da ke tona asirin maƙwabci cikin cutarwar da ake hanawa. Maganin ba ya cin kuɗi in an yi shi a kan takarda. A ɗaga tagar sama da tsayin mutum, ko a juya ta ta kalli titi.

Zafi kuwa, a ƙasar da Afrilu da Mayu ke wuce digiri 40, ɗakin sama mai bulon siminti da kwano da babban gilashi yana kallon yamma ba ya kwantuwa in wutar NIGELEC ta ɗauke. Ana bukatar tagogi biyu masu fuskantar juna don iska ta ratsa, rufi mai tsawo, da rumfa ko baranda da za ta kare bangon yamma. Kuma ba dole sai siminti ba. Kakanninmu sun yi soraye da tubali da azara, suna nan a Birnin Damagaram da Agadas. A Yamai, a 2016, wasu masu zanen gini da suka haɗa da ƴar ƙasarmu Mariam Issoufou Kamara sun gina gidaje shida masu hawa a fili ɗaya, aikin da aka sa wa suna Niamey 2000, da bulon ƙasa da inji ke matsewa, kowane gida da ɗan filinsa da sirrinsa. Ita ce kuma, tare da abokiyar aikinta, ta yi masallaci da ɗakin karatu na Dandaji a jihar Tawa da irin wannan bulo. Ginin ƙasa yana riƙe sanyi, sai dai yana son tushe mai tsawo da rufin da zai kare shi daga ruwa. Abin da ba ya yiwuwa shi ne ɗora dal na kankare a kan tsohon bangon laka da ba a yi shi don haka ba.

Na san abin da mai gida zai ce: kuɗin mai zane da injiniya ai ya sayi siminti. Gaskiya ne, zai saya. Amma a cikin duk abin da za ka kashe wa bene, zanen na cikin mafi araha, kuma shi kaɗai ne ke gaya wa magini kaurin ƙarfe da zurfin tushe. Magini gwani ne a aikin hannunsa, lissafin nauyi kuwa aikin injiniya ne, kuma magini na kirki ba ya jin haushin a ba shi takarda. Doka ta tanadi a nemi izinin gini a ofishin magajin gari kafin a fara. In babu mai zane a kusa, Maraɗi ba nisa. Su ma hukumomin gari, karɓar kuɗin takarda bai wadatar ba, a fita a duba tushe kafin a rufe shi, a duba ƙarfe kafin a zuba dal, don bayan nan ba mai iya ganin abin da ke ciki.

Kai kuma mai neman haya, kafin ka biya kuɗin wata uku, ɗaga kai ka dubi ƙasan dal. In ka ga ya lotsa a tsakiya, ko tsatsa na tsattsafowa, ko tsaga a jikin ginshiƙi, ko ƙofofin da suka daina rufuwa daidai, nemi wani gidan. In kana ciki ka ga tsaga tana ƙara buɗewa, ko ka ji ƙara a jikin gini, fitar da iyalinka tukuna, sannan ka sanar da mai gida da hukumar gari. Kada ka yarda a shafe tsagar da siminti a ce an gyara.