Sawun Barewa da Damina: A Bi ko a Bari?

Duk wanda ya tashi a ƙauyukan ƙasar Gumel ya san yadda gari ke wayewa bayan ruwan dare. Rairayi ya lafa ya yi sumul, duk abin da ya taka sai ya bar shaida, daga zomo da kurege har zabon daji. A irin wannan safiya ce, muna hutun jami'a a ƙauyenmu da ke yankin Sule Tankarkar, ƙannenmu 'yan sakandare suka shigo a guje, suka ce sun ga sawun barewa a bayan gonakin gero. Kafin mu ankara an kwance karnuka, kowa ya ɗauko gorarsa. Daga nan gardama ta kaure, wasu na cewa a bi, wasu na cewa a bari.

Masu cewa a bi suna da hujja. Da rani iska kan share sawu kafin hantsi, amma a jiƙaƙƙiyar ƙasa sai ya yini raɗau. Ba ƙarar busasshen ganye da zai tona asirin mai sanɗa, karnuka kuma sun fi jin warin dabba idan akwai laima. Ga shi barewa ta zama ganinta sai an yi sa'a, domin da yawa cikin yaran nan ba su taɓa ganin ta ba sai a hoto.

Muka kai maganar gaban kawunmu, tsohon maharbi da ya daɗe da rataye bakansa. Ya dube mu ya ce, "Samari, a cikinku wa ya taɓa jin gangar farauta gero na tsaye a gona?" Muka yi tsit. Farautar gayya a ƙasar Hausa aikin bayan kaka ne, idan an kai amfani rumbu, daji ya buɗe. Kawu ya ce magabata ba ragwanci ya hana su fita da damina ba, dalilai ne suka gani da idonsu.

Na farko gona. Barewa ba ta san iyakar gonar kowa ba, haka ma karen da ke bin ta. Samari ashirin da karnuka goma suka ratsa gero da wake da riɗi, to sun tattake wa wani abincinsa na shekara, maganar kuma sai gaban mai unguwa.

Na biyu haihuwa. Wanda ya shiga kasuwar Maigatari ranar Alhamis da damina zai ga ƙwan zabi jibge, saboda lokacin ne zabi ke saka. Abin da na gida ke yi, shi na daji ke yi a cikin ciyawa. Ita kuwa barewa takan ɗauki ciki wajen wata 6, ta haifi ɗa ɗaya, ta ɓoye shi a ciyawa ta riƙa zuwa tana shayar da shi. Wanda ya kashe uwar, ya kashe biyu ke nan.

Na uku ran mafaraucin kansa. Damina ce lokacin da saran maciji ke yawaita, ciyawa ta rufe ramuka, ga kububuwa mai dafin da ke hana jini daskarewa. Hadari ya taso kana fili, ka fake gindin bishiya tilo, ka kai kanka inda tsawa ta fi faɗawa. Albarushin bindigar gargajiya idan ya sha laima yakan ƙi tashi, ko ya yi jinkiri ya tashi ba shiri. Mafi muni, mai noma da ya sunkuya cikin dogon gero yana iya zama motsin da wani zai ɗauka dabba ce.

Abin da muka karanta a makaranta bai saɓa da maganar kawu ba. Ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa irin barewar yankinmu cikin dabbobin da ke fuskantar barazanar ƙarewa, saboda yawan farauta da mayar da daji gonaki. Mariri darasi ne a gare mu. A shekarar 2000 aka bayyana cewa babu sauransa a daji ko'ina a duniya. Sai a 2016 aka fara sakin waɗanda aka yi kiwo a tsare a dajin ƙasar Chadi, kuma sai a 2023 aka cire shi daga jerin waɗanda suka ƙare a daji. Nijeriya na da dokar kare dabbobin da ke neman ƙarewa tun 1985, a nan Jigawa kuma muna da gandun Baturiya a ƙasar Haɗejiya. Amma ba ma'aikacin gandun daji ko ɗaya a bayan gonarmu da safiyar nan, hukunci a hannunmu yake.

Ba kowa ya gamsu ba. Wani ƙanenmu ya ce idan mun bari, mutanen wani ƙauyen za su kashe ta gobe, mu tashi a tutar babu. Kawu ya ce mai yiwuwa ne, amma shi zai aika wa Sarkin Bakan yankin, domin maharba na jin maganar junansu.

A ƙarshe aka ɗaure karnuka, muka bi sawun ta gefen gonaki da wayoyinmu kawai. Ba mu ga barewar ba. Sai dai a bakin wani kwari, kusa da babban sawun, muka ga wani ɗan ƙarami yana biye da shi, taku bayan taku. Ƙanen nan namu ya tsuguna ya daɗe yana kallo, sannan ya yi dariya ya ce lallai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Ku da hutun damina zai same ku a gida, idan abokai suka zo da irin wannan labari, ku fara tambayar gonar wa za a ratsa, da abin da ke kwance a cikin ciyawar. Idan kun ga sawu, ku ɗauki hotonsa, ku kai wa malamin kimiyyar halittu idan an koma makaranta.