Hawan Dutsen Mastodon: Kilomita Biyar A Hamadar Kalifoniya

A kudancin jihar Kalifoniya ta Amurka akwai wani gandun hamada da ake kira Joshua Tree. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 3,000, kuma mutum wajen miliyan uku ne ke ziyartarsa a shekara. Galibinsu yamma da arewa suke nufa, inda itatuwan da gandun ya ci sunansu suke tsaye da rassa a murɗe. Kaɗan ne ke shigowa ta ƙofar kudu, su baro babbar hanya mai lamba 10, su tsaya a wata maɓuɓɓuga mai suna Cottonwood. Daga bakinta wata 'yar hanyar ƙafa ta tashi, ta hau Dutsen Mastodon, ta gangara ta ɗaya gefen, ta dawo inda ta faro. Tsawonta kilomita 4.8 ne, hawan kuma bai wuce mita 115 ba. Mai lafiya zai gama zagayen cikin awa biyu.

Gajeriyar hanya ce, amma wanda ya bi ta da idon basira zai lura da abu guda: kusan duk abin da ke gefenta, daga siffar duwatsu har kangon ma'adinai da tafkin da ake hangowa daga sama, aikin ruwa ne. A ƙasar da ruwan sama ya zama baƙo, shi ne kuma mai yanke hukunci.

A fara da maɓuɓɓugar kanta. Me ya kawo ruwa tsakiyar wannan ƙeƙasasshiyar ƙasa? Girgizar ƙasa ce. Yankin cike yake da tsagogi a ƙarƙashin ƙasa, babbarsu ita ce San Andreas da ta bi ta gefen kudancin gandun. Inda sassan dutse biyu suka goga juna, dutsen kan niƙe ya zama kamar bango, ya tare ruwan da ke gudana a ƙasa, ya tilasta masa fitowa sarari. Haka dausayoyi biyar na gandun suka samu. A kansu ne wata doguwar bishiya mai faffaɗan ganye irin na giginya take girma, wadda masana tsirrai ke kira Washingtonia filifera. Ita kaɗai ce 'yar asalin yammacin Amurka a cikin danginta. Busassun ganyenta ba sa faɗuwa, sai su rataye su lulluɓe gangar jikinta, tsuntsaye da jemagu su sami mafaka a ciki.

Mutanen Kahuwiya, 'yan asalin wannan ƙasa, sun sha daga maɓuɓɓugar nan ɗaruruwan shekaru kafin zuwan Turawa. Har yau ana ganin turamen da matansu suka rarake a jikin falalen dutse, inda suke daka ƙwayoyin itatuwa su yi gari. Bayansu sai masu neman zinariya suka zo a ƙarshen ƙarni na 19. Masu amalanken alfadarai da ke tasowa daga wani gari mai suna Mecca, can ƙasa a kwari, a nan suke yada zango kafin su wuce ma'adinan arewa. Masu neman zinariyar ba don shan dabbobinsu kaɗai suke son ruwan ba. Ba a raba zinariya da dutse sai da ruwa, shi ya sa aka kafa wuraren niƙa dutse a kusa. Na farkon irin wanda dabba ke jan dutsen niƙa tana kewayawa ne, daga baya aka kawo inji.

Da an bar inuwar dausayin, hanya sai ta fara hawa a hankali, tsirrai kuma su canza. Gandun mahaɗar hamada biyu ce. Ta yamma, Mohabe, tana kan tudu, ta fi sanyi, ita ce gidan itatuwan Joshua. Ta gabas da kudu, Kolorado, ta fi ƙasa, ta fi zafi, ta fi ƙishi. Hanyar Mastodon ta wannan ɓangaren take, kuma kowane tsiro a nan yana da dabararsa. Akwai okotiyo, wanda ke tsaye kamar tarin busassun sanduna masu ƙaya. In ruwa ya sauka, cikin 'yan kwanaki sai ya yi ganye shar, in ƙasa ta bushe ya zubar, kuma yakan yi haka sau da dama a shekara guda. Akwai kiriyosot, ƙaramin itace mai ganye shafe da danƙo don kada rana ta zuƙe shi. Wani gungunsa a hamadar Mohabe an ƙiyasta shekarunsa sun kai 11,700, yana ta tohowa daga saiwa guda. Akwai kuma kaktus ɗin choya, wanda gaɓoɓinsa ke ɓallewa su maƙale a ƙafar wando da zarar an goge shi. Ta haka yake yaɗuwa, don haka mai tafiya da ya kauce hanya shi ne jakinsa.

Dabbobin ma haka. Kunkurun hamada yana kwashe kusan duk rayuwarsa a rami, yana kuma ajiye ruwa a mafitsararsa don lokacin fari. Wanda ya ɗaga shi don ɗaukar hoto zai iya firgita shi ya zubar da ajiyar, wannan kuwa na iya zama ajalinsa. Shi ya sa doka ta hana taɓa shi. Akwai wani ɓera mai dogayen ƙafafun baya da ke iya rayuwa ba tare da ya sha ruwa ba, daga ƙwayoyin da yake ci jikinsa ke samar da abin da yake buƙata. Akwai macizai masu kacau-kacau a wutsiya, waɗanda ke laɓewa a inuwar duwatsu, dalilin da ya sa ba a cusa hannu inda ido bai gani ba.

Bayan tafiyar kimanin kilomita ɗaya hanya ta rabu biyu. Wadda ta miƙe tana zuwa dausayin Lost Palms, tafiyar kilomita 12 zuwa da dawowa. Ta hagu ita ce ta Mastodon. Daga nan ake shiga tsakanin manyan duwatsu masu sulɓi, an jibga wani kan wani kamar da gangan. Mutane kan zaci iska ce ta sassaƙa su, alhali aikin an yi shi ne tun suna binne. Sama da shekaru miliyan 100 da suka wuce narkakken dutse ya kutso daga cikin ƙasa, ya huce tun bai kai sarari ba, sannan ya tsattsage a tsaye da a kwance. A zamanin da yankin ya fi yanzu damina, ruwa ya riƙa bin tsagogin yana cin kusurwoyi har suka mulmule. Da fari ya zo, ambaliya ta kwashe ƙasar da ta rufe su, sai suka fito fili. Masu neman zinariya ne suka ga ɗaya daga cikin tsibin ya yi musu kama da kan mastodon, wata dabba dangin giwa da ta ƙare tun dubban shekaru, sunan kuma ya bi shi.

Ƙarshen hawan ba shi da gyararriyar hanya. Sai an sa hannu da ƙafa an daddafa, kuma wanda ba ya son tsayi yana iya tsayawa a gindi, ba abin kunya ba ne. Wanda ya kai sama zai ga tsaunukan Eagle ta gabas, hamada shimfiɗe ta ko'ina, ta kudu kuma wani makeken ruwa yana ƙyalli can ƙasa. Wannan shi ne Tafkin Salton, mafi faɗi a duk Kalifoniya, wanda samansa ke kimanin mita 70 ƙasa da matakin teku.

Labarinsa ya cancanci a ɗan zauna a kan dutsen. Kwarin ya sha cika ya bushe a zamanin da, gwargwadon yadda Kogin Kolorado ya sauya hanya. Amma tafkin na yau ɗan Adam ne sanadinsa. A 1905 ambaliya ta fasa bakin wata magudana da wani kamfani ya haƙa don kai ruwa gonakin kwarin Imperial, kogin gaba ɗaya ya juyo cikin kwarin. Sai a 1907 kamfanin jirgin ƙasa na Southern Pacific ya iya toshe ɓarakar, bayan ya zuba tarago-tarago na duwatsu. A shekarun 1950 da 1960 bakin tafkin ya zama wurin shaƙatawa, da otal-otal da tseren jiragen ruwa. To amma tafki ne marar mafita. Abin da ke shigarsa ragowar ruwan gonaki ne mai gishiri da taki, abin da ke fita kuwa tururi ne kawai. Yau gishirinsa ya zarce na teku nesa ba kusa ba, kifaye sun yi ta mutuwa, wuraren shaƙatawar bakinsa sun zama kufai. Yarjejeniyar 2003 da ta karkatar da wani kaso na ruwan manoma zuwa birnin San Diyego ta ƙara janye shi, ƙurar da ke tashi daga busasshen gindinsa kuma tana addabar ƙirjin yaran yankin. A arewacin tafkin ne gonakin dabinon kwarin Kochela suke, waɗanda aka kawo irinsu daga Aljeriya da Masar da Iraƙi da Maroko a farkon ƙarni na 20. Su ma da ruwan da ake jawowa suke rayuwa.

Gangarowa ta ɗaya gefen, sai ga ramin zinariyar Mastodon, wanda wani iyali ya yi aiki a cikinsa a shekarun 1930. An rufe bakinsa da ƙarfe, ruɓaɓɓun katakai na nan a warwatse. Ƙasa kaɗan akwai kangon wurin niƙa na Winona, da bishiyoyin turare da mazaunansa suka dasa. Daga nan hanya ta faɗa cikin busasshiyar ƙorama mai yashi. Tafiya a cikinta da daɗi, amma hadari in ya zuba a kan tsauni mai nisa, ruwan na iya isowa nan babu sallama, ko da sama garau take a kan mai tafiya.

Cewa wurin ya tsira har ana zagaya shi a ƙafa, ƙoƙarin wata mata ne, Minerva Hamilton Hoyt ta garin Pasadena. Ta ga ana tumɓuke tsirran hamada ana kaiwa lambunan Los Anjeles, ta yi ta fafutuka har Shugaba Franklin Roosevelt ya keɓe yankin a 1936. A 1950 an yanke wani babban sashe an mayar wa masu haƙar ma'adinai, sannan a 1994 dokar kare hamadar Kalifoniya ta faɗaɗa shi ta ɗaga darajarsa zuwa cikakken gandun ƙasa.

Saura ruwan da ke cikin gorar mai tafiya. Gajeriyar hanya ta fi doguwa yaudara, domin wanda zai yi tafiyar yini yakan yi shiri, mai tafiyar awa biyu kuwa sai ya fito da kwalba ɗaya da wayar da ba ta da sabis a wurin. Da bazara zafi kan wuce digiri 38, iska kuma a bushe take, gumi na tafiya tun mutum bai san ya yi shi ba. Hukumar gandun na ba da shawarar lita huɗu a yini ga kowane mutum, fiye da haka ga mai hawa, ruwan maɓuɓɓugar kuma a bar wa namun daji. Lokacin zuwa shi ne daga Oktoba zuwa Afrilu, da sassafe, bayan an gaya wa wani inda za a da lokacin dawowa. Ma'aikatan gandun suna da ƙa'ida guda da suke nanata wa baƙi: in ruwanka ya kai rabi, tafiyarka ta kai rabi, ka juya ko da kana ganin ƙololuwar a gabanka. A hanyar da ke zagayawa wannan na buƙatar lissafi, domin bayan an wuce dutsen, ci gaba da komawa duk kusan ɗaya ne. Don haka a mararrabar Lost Palms ake duba gora a yanke shawara, tun ƙafa ba ta fara hawan dutsen ba.