EarthCache: wasan neman duwatsu da GPS, da dalilan hawa da saukar farin jininsa

Duk mai babbar waya a yau ya san yadda ake tura wa mutum alamar wuri ta WhatsApp, ya biyo ta har ƙofar gida. To akwai miliyoyin mutane a duniya da suka mayar da wannan fasaha abin wasa. Wani zai ɓoye ɗan akwati a gindin itace ko ƙarƙashin gada, ya saka lambobin wurin a intanet. Wasu kuma su bi GPS su gano shi, su rubuta sunansu a ƴar takardar da ke ciki, su mayar da shi inda suka tarar. Sunan wasan Geocaching.

A cikin wasan akwai wani reshe da babu akwati, babu abin ɗauka. Dutse ake zuwa gani, ko kwazazzabo, ko maɓuɓɓugar ruwa, sannan a amsa tambayoyi a kansa. Shi ake kira EarthCache. Ya haura shekaru 20 da kafuwa, kuma idan aka bi tarihinsa za a ga abin da ya ɗaga shi, shi ne kuma yake taƙaita yawan masu binsa.

Daga bokiti guda

Kafin shekarar 2000, sojojin Amurka, masu taurarin GPS, suna rage ingancin saƙon da farar hula ke samu da gangan. Na'ura kan iya kuskure wuri da kusan mita 100. A farkon watan Mayu na 2000 gwamnatin Bill Clinton ta cire wannan takunkumi, kuskuren ya dawo kamar mita 10 zuwa 20.

Ranar 3 ga watan, wani injiniya mai suna Dave Ulmer ya ajiye baƙin bokiti a daji kusa da Beavercreek, cikin jihar Oregon. Ya zuba littattafai da kaset-kaset da gwangwanin wake a ciki, ya wallafa lambobin wurin don ya gwada ko wani zai iya gano shi. Ba a daɗe ba aka gano. A watan Satumba na shekarar Jeremy Irish ya buɗe shafin Geocaching.com da ajiya 75 kacal. A 2010 adadin ya kai miliyan 1, a 2013 miliyan 2, a 2017 kuma miliyan 3, a ƙasashe fiye da 190.

Ajiyar da babu akwati

Yawan akwatunan ya zo da matsala. Masu kula da gandun daji, musamman manyan wuraren da gwamnatin Amurka ke karewa, ba su yarda a riƙa barin kaya a cikinsu ba, balle a tattake ciyayi ana tone-tone. Ga shi kuma a irin waɗannan wurare ne duwatsu mafi ban mamaki suke.

Nan ne ƙungiyar masana ilimin duwatsu da ƙasa ta Amurka, wadda ake taƙaita sunanta da GSA, ta shigo. Wani jami'inta mai kula da harkar ilimi, Gary Lewis, shi ya jagoranci sabon tsarin tare da kamfanin Groundspeak mai shafin wasan. Ranar 10 ga Janairu 2004 ya kafa EarthCache na farko a Wasp Head, wani bakin teku a jihar New South Wales ta Ostareliya, inda duwatsun suka haura shekaru miliyan 250.

Tsarin ba shi da wuya. Wanda ya kafa wurin zai rubuta ɗan darasi: yadda dutsen ya samu, abin da ruwa ko iska ko wuta suka yi masa. Sai ya ɗora tambayoyin da ba a iya amsawa sai an je. Misali, ƙwayoyin yashin da ke jikin dutsen manya ne ko ƙanana? Shimfiɗun sun karkata gabas ne ko yamma? Nawa ne faɗin tsagar? Wanda ya je zai tura amsoshin ga mai wurin, kafin ziyarar tasa ta tabbata. Ba a fasa dutse, ba a ɗaukar ko tsakuwa.

Abubuwan da suka ɗaga shi

Na farko doka ce. Da can akwai wani nau'in ajiya marar akwati, inda mutum zai je wani gini ko gunki kawai ya tabbatar ya je. A 2005 aka daina karɓar sababbi, ba a sake buɗe ƙofar ba sai 2017, shi ma ga mutane ƙalilan. A mafi yawan shekarun da ke tsakani, duk mai son nuna wa jama'a wurin da aka hana akwati, kusan EarthCache kaɗai ya rage masa. Haka aka samu EarthCache a wurare irin su Grand Canyon da Yellowstone.

Na biyu wayar salula. Da farko sai mai na'urar GPS ta musamman ke iya wasan. Daga wajen 2008, da wayoyi suka fara zuwa da GPS a ciki, kuma aka fitar da manhajar wasan, sai iyalai da ƴan lakkol da masu yawon buɗe ido suka shigo. Da ruwa ya cika gulbi, kowane reshe ya samu rabonsa.

Na uku cunkoso. Dokar wasan ta ce dole a bar tazarar mita 161 tsakanin akwati da akwati. A biranen Amurka da Jamus, ƙasashe biyu da suka fi kowa yawan ajiya, wuri ya yi wuya. Wannan doka ba ta hau kan EarthCache ba, tunda babu akwati. Shi ya sa ya shigo cikin gari, har ana koyar da mutane gano burbushin halittun teku na dā a jikin duwatsun da aka yi wa gine-gine ado da su.

Na huɗu lada. GSA ta ƙirƙiro matakan girmamawa huɗu, daga tagulla zuwa sama. Matakin farko na wanda ya ziyarci wuri 3 ne a jihohi ko ƙasashe biyu, amma mai son hawa gaba sai shi ma ya kafa nasa. An kuma ware rana ta EarthCache a kowane watan Oktoba, daidai da makon ilimin ƙasa, inda ake ba waɗanda suka fita wata alamar tunawa a shafinsu.

Abin da ke ja da shi baya

Duk da haka EarthCache bai taɓa zama na kowa da kowa ba. Sun haura dubu 20 a duniya, amma a gefen miliyoyin akwatuna wannan ɗan ƙaramin kaso ne.

Dalili na farko yana wajen masu kafawa. A shekarun farko an karɓi wurare da darasinsu bai taka kara ya karya ba, wasu ma sun fi kama da tarihi ko labarin tsirrai. Daga baya aka tsaurara sharuɗɗa: dole darasin ya zama na ilimin duwatsu da ƙasa, dole tambayoyin su dogara da abin da ido ya gani a wurin, dole a nemi izinin masu kula da filin inda ake buƙata, sannan masu tantancewa na musamman su duba kafin a wallafa. Inganci ya ƙaru, amma mai son abu cikin sauƙi sai ya koma ɓoye gwangwani.

Dalili na biyu yana wajen masu nema. Da yawa daga cikinsu lissafi suke yi, suna son a ce sun gano ɗari biyar ko dubu. Akwati minti biyu ya isa. EarthCache kuwa sai an karanta, an duba, an auna, an rubuta amsa, kuma duk wannan wahala ɗaya ake ƙirga ta. A ƴan shekarun nan manhajar Adventure Lab ta zo, ita ma babu akwati, amma kowane ɗan zango da aka amsa tambayarsa ana ƙirga shi daban. Mai neman yawa ya san inda zai nufa.

Akwai kuma masu ha'inci, waɗanda ke nemo amsa a intanet suna zaune a ɗaki. Don maganinsu, a 2019 aka ba masu wuraren damar neman hoton da ke nuna cewa lalle mutum ya je.

Da wane mudu ake awo?

Wannan ne ya sa maganar farin jinin EarthCache take da fuska fiye da ɗaya. Idan yawan sababbin wurare aka duba, abu ne da ke bin sauyin dokoki da yawan masu shiga wasan. Idan yawan ziyara ne, akwatin da ke bakin titi zai doke dutsen da sai an hau tudu.

Amma akwai mudu na uku. Tun ƙarshen 2010, mambobin da ke biyan kuɗi suna samun maki ɗaya na yabo a kan kowace ajiya 10 da suka gano, su ba wadda ta fi burge su. Tunda makin ba shi da yawa, ba a bayar da shi a banza. Shi ma dai yana da aibi: wurin da aka kafa kafin 2010 ya sha baƙi da yawa a lokacin da babu makin, wanda ke kan hanyar ƴan yawon buɗe ido kuma zai tara fiye da na ƙauye ko da darasinsa bai kai ba. Saboda haka masu bin lissafin sukan duba kason waɗanda suka yaba cikin waɗanda suka je, maimakon jimillar makin.

Tambayar da ke gaban masu tafiyar da shirin ita ce wadda kowane malamin lakkol ya sani. A sauƙaƙa darasi aji ya cika, ko a riƙe shi da nauyinsa a samu kaɗan masu fahimta? Zuwa yanzu sun zaɓi na biyu. Wanda ya je Wasp Head a yau ba zai tarar da akwati ba, kuma sai ya sunkuya ya dubi dutsen da idonsa kafin ziyararsa ta shiga lissafi.