Gidan Tarihi Na Jos Da Ma'ajiyarsa

Yawancin masu zuwa Gidan Tarihi na Jos sukan tsaya ne a gaban akwatunan gilashi, su kalli kayan da aka jera, daga nan su wuce gidan namun daji da ke kusa. Amma abin da baƙo yake gani kaɗan ne cikin abin da gidan yake riƙe da shi. A bayan ɗakunan kallo akwai ma'ajiya, inda ake tsare kayayyaki da takardu da hotuna. A can ne ake yin babban aikin gidan.

Bari mu fara da asalinsa. A shekara ta 1928 masu haƙar kuza suka tono wani ɗan kai na gasasshen yumɓu kusa da ƙauyen Nok, wanda yake kudancin Jihar Kaduna ta yanzu. Ba wanda ya gane darajarsa a lokacin. A wajajen 1943 aka sāke samun wani kai a Jama'a. Wanda ya same shi ya kafa shi a gonar doya don korar tsuntsaye, kafin a kai wa wani Bature ma'aikacin gwamnati mai suna Bernard Fagg, wanda ya karanta ilimin tonon kayan tarihi a Ingila. Da Fagg ya gwada kawunan nan biyu, sai ya ga aikin mutane ɗaya ne. Ya roƙi masu haƙar kuza su daina zubar da irin waɗannan abubuwa, su riƙa kawo masa. Da kaya suka taru sai aka bukaci wurin ajiya, aka buɗe Gidan Tarihi na Jos a 1952. Shi ne na biyu a Nijeriya, bayan na Esie a Jihar Kwara wanda aka buɗe a 1945.

To, mene ne aikin ma'ajiya? Duk abin da ya shigo gidan, kafin a kai shi ko'ina, sai an ba shi lamba, an shigar da shi cikin rajista. Akan rubuta inda aka same shi, da ranar, da wanda ya kawo, da girmansa, da abin da aka yi shi da shi. In tono shi aka yi, akan rubuta zurfin ramin da abubuwan da aka tarar tare da shi, sa'an nan a ɗauki hotonsa. Wani zai ga kamar wannan aikin akawu ne kawai. Amma fa tukunyar da ba a san inda ta fito ba, kamar wasiƙa ce wadda ba ta da sunan mai aikowa. Ana iya sha'awar kyanta, amma ba za ta gaya mana kome game da mutanenta ba.

Ga misali. Yumɓu da kansa ba ya nuna wa ido shekarunsa. Amma in an sami gawayi ko ƙonannen hatsi a rami ɗaya da shi, masana suna iya gwada gawayin su san lokacin da itacen ya mutu. Ta haka aka gane cewa mutanen Nok sun rayu tun kafin haihuwar Almasihu. A Taruga, kusa da Abuja, Fagg ya tono matoyan narkar da tama, waɗanda suka nuna cewa an san aikin ƙarfe a ƙasar nan fiye da shekara 2,000 da suka wuce. Daga 2005 masana na Jami'ar Firankfot ta Jamus, tare da 'yan'uwansu na Nijeriya, suka ci gaba da binciken, suka gano cewa zaman mutanen Nok ya soma tun wajen shekara 1,500 kafin haihuwar Almasihu, kuma gero ne babban abincinsu. Da ba a rubuta abin da aka samu a kowane rami ba, da ba mu san wannan duka ba.

Ba kayan Nok kaɗai gidan ya ajiye ba. Akwai ɗaruruwan littattafai rubutun hannu na Larabci da ajami waɗanda aka tattaro daga garuruwan Arewa, aka kuma buga jerin sunayensu a 1965 don masu bincike su san abin da ke ciki. Akwai zauren tukwane, inda aka tara tuluna da randuna da tukwanen kabilu iri iri, yawancinsu wata Baturiya mai suna Sylvia Leith-Ross ce ta bi ƙauyuka ta tattaro. A filin waje kuma an gina kwatancin ganuwar Kano da tsohon Masallacin Jumma'a na Zariya, bisa ga awo da zane na wani masanin gini mutumin Folan, Zbigniew Dmochowski. Nan ma a lura: daga baya an sāke fasalin masallacin Zariya na asali, don haka zanen da aka ajiye ya zama shaida mai daraja a kan yadda aikin Babban Gwani yake tun farko.

Kayan tarihi suna da magabta da yawa. Gara da ɓeraye suna cin littattafai. Laimar damina tana kawo fumfuna, hasken rana yana kashe tawada, ƙurar hunturu kuma tana shiga ko'ina. Saboda haka ma'aikata sukan sa takardu cikin akwatuna, nesa da ƙasa da bango, su riƙa dubawa a kai a kai. Amma mugun magabci shi ne ɗan adam. A 1987 ɓarayi suka shiga gidan suka kwashe waɗansu kayayyaki masu daraja, har da wani kan tagulla na Ife. Bayan shekaru masu yawa kan ya ɓulla a Ingila wajen masu gwanjo, kuma da yake an san shi a rubuce, sai aka gane na Jos ne. Haka kuma masu tonon sata sun lalata wurare da dama na Nok don su sayar wa 'yan kasuwar ƙetare. Dokar ƙasa ta 1979, wadda ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, ta hana saye da sayar da irin waɗannan kaya ko fitar da su waje ba tare da izini ba.

'Yan'uwana ɗalibai, wannan magana ta shafe mu. Da yawa cikinmu 'ya'yan manoma ne, kuma fartanya tana iya tono abin mamaki kowace rana. In kun ga haka, kada ku fasa, kada ku wanke, kada kuma ku sayar. Ku lura da wurin, ku gaya wa mai gari ko malaminku don a sanar da gidan tarihi mafi kusa. Haka nan tsofaffin hotuna da wasiƙu da rajistoci na gida da na makaranta, ku tsare su daga ruwa da gara. Lokacin hutu ku zauna da kakanninku, ku tambaye su sunayen mutanen da ke cikin hotunan, ku rubuta a baya da fensir tun suna da rai.