Ƙuraje a Tafin Hannu da Ƙafar Yaro: A Duba Kafin a Shafa Magani

Daga unguwar Zariya ta Maraɗi har Tibiri da garaken Jiratawa, uwa takan wayi gari ta ga ƙuraje a tafin hannun ɗanta da tafin ƙafarsa, ga miki a baki. Sau da yawa wannan ita ce cutar da likitoci ke kira ciwon hannu da ƙafa da baki, wadda aka fara bayaninta a 1957. Ƙwayar bairos ke kawo ta, kuma ta fi kama yara ƴan ƙasa da shekara 5. Ba ita ce ciwon baki da kofato na shanu ba, ba a kuma ɗaukar ta daga dabbobi. Miyau da majina da kashin yaro da ruwan ƙurajen su ke yaɗa ta.

Da zazzaɓi take farawa. Bayan kwana 1 ko 2 sai ƙurajen su fito, cikin kwana 7 zuwa 10 kuma su warke da kansu. Daga baya fata kan saɓule, wani yaron ma farcensa ya faɗi, amma sabo yana tsirowa.

Haɗarin yana ga baki. Zafin miki yakan hana yaro sha, jikinsa ya bushe. Saboda haka a ci gaba da ba shi nono, da ruwa mai tsabta, da kunu mai sanyi, kaɗan-kaɗan. Farasitamol yana rage zafi, amma kada a ba yaro asfirin. Kafso na masu talla ba ya kashe bairos. Kada a fasa ƙurajen, kada a shafa masu toka. A wanke hannu da sabuni bayan an yi wa yaro tsarki, a ware masa moɗarsa.

Sai dai ba kowane ƙurji ne wannan ba. Ƙyanda daga fuska take saukowa, tare da tari da jan ido, kuma tana kisa. Allurarta ana yin ta a wata 9. Ƙyandar biri, wadda ta sake ɓulla a Najeriya a 2017, tana fitowa a tafin hannu, amma da kaluluwa da manyan ƙuraje masu mugunya.

A garzaya likita idan yaro ya ƙi sha, ko fitsarinsa ya ragu, ko zazzaɓi ya wuce kwana 3, ko ya yi taune-taune, ko barci ya rinjaye shi har tashinsa ya yi wuya.

Muna roƙon ɗaliban yaƙi da jahilci su karanta wa maƙwabtansu wannan shafi, musamman kakanni da yayye masu reno idan uwa ta tafi garka.