Tsakanin Kamfani Da 'Ya'ya: Labarin Dakta Shi, Sarkin Wutar Rana

Duk wanda ya shiga kasuwar Alaba ta Legas ko ta Sabon Gari a Kano cikin 'yan shekarun nan zai ga faya-fayan sola jingine a ƙofar shaguna kamar tabarmi. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, masu aski da masu cajin waya da manoman rani da yawa suka jingine injin janareta suka koma ga rana. Galibin waɗannan faya-fayai kuwa daga ƙasar Sin ake kawo su, domin ita ke ƙera fiye da kashi 80 cikin 100 na duniya duka. To, cikin mutanen da suka buɗe wannan hanya akwai wani mai suna Dakta Shi Zhengrong, wanda jaridun Turai suka yi wa laƙabi da Sarkin Rana. Mutum ne da ya yi baƙunta sau biyu, ya tara dukiyar da ba ta ƙirguwa, sa'an nan wata rana aka ce masa ya zaɓa tsakanin kamfaninsa da abin da ya ajiye wa iyalinsa.

An haife shi a 1963 a Yangzhong, wani tsibiri da ke tsakiyar kogin Yangtze a lardin Jiangsu. Lokacin ƙasar ba ta gama farfaɗowa ba daga babbar yunwar 1959 zuwa 1961, wadda ta kashe miliyoyin mutane. Tagwaye aka haifa, ga bakuna da yawa a gida, abinci kuwa babu. Sai iyayen, waɗanda sunan gidansu Chen, suka riƙe ɗaya, suka miƙa ɗayan ga wani gida na kusa da su mai suna Shi, wanda jaririnsu bai zo da rai ba. Watau sunan da duniya ta san shi da shi ba na mahaifinsa ba ne, na uban riƙo ne.

Yaron ya yi ƙoƙari a makaranta. Yana da shekara 16 ya shiga makarantar ilmi mai zurfi a birnin Changchun, inda ya karanta ilmin haske da madubai, daga nan ya ƙara digiri na biyu a Shanghai. A 1988 ya sami damar tafiya ƙasar Ostareliya. Kamar sauran ɗalibai baƙi, sai da ya haɗa da aikin ƙarfi, yana soya nama a wani ɗan gidan abinci don ya biya kuɗin haya. A 1989 ya ƙwanƙwasa ƙofar Farfesa Martin Green na Jami'ar New South Wales da ke Sidni, wanda ya yi fice a duniya wajen binciken wutar rana. Aiki ya je nema, amma abin da ya samu shi ne gurbin karatu, ya kuwa gama digirin dakta a 1992.

Ya kamata mai karatu ya san abin da ake bincike a kai. Faifan sola ana yin sa ne da wani sinadari mai suna silikon, wanda ake samu daga irin farin dutsen nan da yashi. Sai an tace shi ƙal, an narka, an yayyanka shi sirara-sirara, kafin hasken rana ya iya tayar da lantarki a cikinsa. Tacewar ita ce mai cin kuɗi. Aikin Dakta Shi shi ne neman yadda za a shafa silikon ɗan kaɗan a kan gilashi ya yi aikin mai yawa. A 1995 aka kafa kamfanin Pacific Solar domin wannan bincike, aka ba shi shugabancin sashen nazari.

A wannan lokaci babu abin da ya rasa. Ya karɓi takardar zama ɗan Ostareliya, yana da gida a Sidni, da mata, da 'ya'ya biyu ƙanana masu tasowa da Turanci a bakinsu. Magidanci da yawa, in Allah ya kai su nan, sai su miƙe ƙafa. Shi kuwa gani ya yi binciken ya daɗe a ɗakin gwaji bai kai kasuwa ba, ƙasar haihuwarsa kuma ga ma'aikata da araha, ga hukumomi masu neman 'ya'yansu da suka yi ilmi a waje su komo.

Komawar ba ƙaramin abu ba ce. Dokar ƙasar Sin ba ta yarda mutum ya riƙe takardar zama ɗan ƙasa biyu ba, saboda haka da fasfon Ostareliya ya sauka, baƙo a garin da aka binne cibiyarsa. 'Ya'yan da ba su san wata ƙasa sosai ba sai Ostareliya, su ma rayuwarsu ta rataya a kan wani kamfani da ko tubalin farko ba a aza ba. Hukumar birnin Wuxi ce ta karɓe shi. Ta sa wasu kamfanonin gwamnati, har da mai ƙera injin wanki, suka haɗa dala miliyan 6, shi kuma ya zuba dala 400,000 daga aljihunsa tare da iliminsa, aka ba shi rubu'in kamfanin. Haka aka kafa Suntech a farkon 2001.

Shekarun farko sun yi ɗaci. An ruwaito cewa ya yi fiye da shekara biyu yana karɓar rubu'in albashinsa kawai, abokan aiki suna gudu ɗaya bayan ɗaya. Dabararsa ita ce ya ajiye sabon binciken nan nasa a gefe, ya kama tsohuwar hanyar da aka riga aka sani, ya sayi injuna na hannu, inda Turawa ke sa na'ura mai tsada shi ya sa mutane su yi da hannu. A watan Satumba na 2002 masana'antar ta fara aiki da ƙarfin megawat 10 a shekara.

Sa'arsa daga Jamus ta zo. A shekara ta 2000 majalisar ƙasar ta yi dokar da ta tilasta wa kamfanonin lantarki su sayi wutar da kowa ya samar daga rana a kan farashi mai kyau har shekara 20, aka kuma ƙara kyautata ta a 2004. Manoma da masu gidaje suka yi rububin sayen faifai, masana'antun Jamus suka kasa ƙosar da su. Kayan Wuxi ba su kwana a ɗakin ajiya. A watan Disamba na 2005 Suntech ya shiga kasuwar hannun jari ta New York, ya tara kusan dala miliyan 400. A 2006 mujallar Forbes ta ƙiyasta dukiyar Dakta Shi a kan dala biliyan 2.2, ɗan da aka bayar saboda yunwa ya shiga sahun farko na attajiran ƙasar Sin. Kamfaninsa ne ya sa sola a babban filin wasan Olamfik na Beijing a 2008, a 2011 kuwa babu wanda ya kai shi yawan faifai a duniya.

Amma tun a tsakiyar daɗin aka shuka abin da zai kā da shi. Da silikon ya yi wuya, a 2006 ya ƙulla yarjejeniyar shekara 10 da kamfanin MEMC na Amurka don kada kaya su yanke masa. Farashin kilo ɗaya ya haura dala 400 a 2008, sa'an nan ya faɗo warwas, Suntech ya wayi gari yana sayen tsada alhali abokan gasa na sayen araha. A 2011 sai da ya biya dala miliyan 212 kafin ya fita daga yarjejeniyar. Ga ɗaruruwan sababbin masana'antu sun cika kasuwa, ga Turai ta rage tallafi, ga Amurka ta ɗora haraji a kan kayan Sin a 2012. A watan Yuli na shekarar kuma kamfanin ya fito ya ce wasu takardun bashin gwamnatin Jamus na Yuro miliyan 560, waɗanda wani abokin hulɗa ya ba shi jingina, mai yiwuwa ne babu su sam.

A nan ne maganar iyali ta shigo tsakiyar lamarin. Hannun jarin Dakta Shi ba a sunansa kai tsaye yake ba, yana ƙarƙashin wani kamfani mai suna D&M Technologies, wanda asusun amana na iyalinsa ya mallaka. Wannan ba baƙon abu ba ne ga attajirai, hanya ce ta killace wa mata da 'ya'ya rabonsu. Sai dai asusun ya kuma mallaki mafi yawan wani kamfanin tace silikon mai suna Asia Silicon, wanda ke sayar wa Suntech kaya, masu suka kuwa suka ce ta yaya mai saye da mai sayarwa za su kwana a gida ɗaya. Da bashi ya kai wuya, jaridun ƙasar Sin sun ruwaito cewa hukumomin Wuxi da bankuna sun nuna za su ceci kamfanin, in har zai sa dukiyarsa ta kansa ta zama lamuni. Suka ce bai yarda ba.

Mutanen Wuxi da yawa sun ɗauki wannan a matsayin butulci. Garinsu ne ya ba shi jari ran da ba shi da kowa, dubban 'ya'yansu ke cin abinci a masana'antar, shi kuwa da fasfon wata ƙasa a aljihu. Maganarsu tana da ƙarfi, batun Asia Silicon kuma ya ƙara mata nauyi. Amma wanda ya dubi lissafin zai ga ramin ya fi ƙarfin dukiyar mutum ɗaya, domin hannun jarin da ya taɓa kusantar dala 90 ya faɗo ƙasa da dala ɗaya. Da ya sa hannu, mai yiwuwa kamfanin ya nutse duk da haka, ya tafi da gidan gaba ɗaya. A 2001 ya riga ya yi caca sau ɗaya da makomar 'ya'yansa ya ci. Abin da aka nema a wurinsa shi ne ya sake yi a lokacin da alamu duka ke nuna faɗuwa. Mutumin da mahaifinsa ya taɓa miƙa shi ga wani gida don babu abin ciyar da shi ya san ma'anar uba ya wayi gari hannu wofi fiye da masu zaginsa.

A watan Agusta na 2012 ya sauka daga kujerar babban manaja. A watan Maris na 2013 hukumar daraktoci ta tsige shi daga shugabanci, shi kuwa ya ce tsigewar ta saɓa wa doka. Cikin watan nan kamfanin ya kasa biyan bashin dala miliyan 541, wata kotu a Wuxi ta karɓi ƙarar bankuna ta bayyana babban reshensa a matsayin wanda ya karye. A 2014 kamfanin Shunfeng ya saye shi a kan Yuan biliyan 3. Sunan Suntech bai ɓace daga kasuwa ba, amma ya fita daga hannun wanda ya raɗa shi.

Abin mamaki, gasar da ta hallaka shi ita ce ta amfani talaka. Tsakanin 2010 da 2020 farashin faifan sola ya ragu da kusan kashi 90 cikin 100, shi ya sa yau mai rijiyar burtsatse a Jigawa ke iya ɗaga ruwa ba tare da ɗigon fetur ba.

Dakta Shi bai yi ritaya ba. A 2014, yana da shekara 51, ya kafa wani ƙaramin kamfani mai suna Sunman, yana kai-kawo tsakanin Sidni da Shanghai. Wannan karon faifai marasa gilashi yake yi, masu lanƙwasuwa, waɗanda nauyinsu bai wuce kashi ɗaya cikin uku na na yau da kullum ba, domin rufin da ba ya ɗaukar kaya mai nauyi. Su aka sa wa jirgin ƙasan Byron Bay mai tafiya da rana a 2017, da rufin gidan tarihin jiragen ruwa na Sidni a 2019. Da lokacin gina babbar masana'anta ya yi, bai koma Wuxi ba. A Yangzhong ya kafa ta, tsibirin nan da gidan Chen da gidan Shi suke.