Yadda Ake Kula da Jirgin Ƙasa na Lambu

A ƙasar Ingila da Jamus akwai mutanen da ke shimfiɗa ɗan ƙaramin layin dogo a lambun gidansu, da tasha da gada da komai, jirgi yana zagaye tsakanin furanni. A garin Beaconsfield na Ingila akwai wani wuri mai suna Bekonscot, wanda aka buɗe a 1929, har yau jiragensa suna tafiya. A 1968 kuma wani kamfanin Jamus ya fito da jiragen LGB, waɗanda aka ƙera musamman don su jure rana da ruwa. Faɗin layinsu milimita 45 ne kacal, alhali tsohon layin da ya iso Kano a 1911 faɗinsa milimita 1,067 ne.

Na koyi aikin nan ne wajen wani dattijo, maƙwabcin kawuna a Ingila, lokacin da na je hutu. Abin da na fahimta shi ne sayen jirgin ba shi ne wuya ba. Wuyar tana wajen kula da shi, domin in aka yi sakaci shekara guda, kayan kuɗi masu yawa sai su koma tarkace.

Kullum daga layi ake farawa. Kafin a saki jirgi sai an bi layin da ƙafa, a kwashe ganye da tsinke da dodon koɗi, don ɗan tsinke a wajen wannan jirgi kamar gungume ne. Yawanci kwangirin na tagulla ne, kuma ta cikinsa wutar lantarki ke bi ta shiga injin, wutar da ba ta wuce volt 24. In tagulla ta daɗe a waje sai ta dushe, wuta ta kasa wucewa sosai, ka ga jirgi yana tafiya yana tsayawa. Maganinsa a goge kan kwangirin da wata roba mai ɗan kaushi. Ba a sa takardar yashi mai kaifi, don tana barin zane inda dauɗa za ta maƙale.

Sai kuma mahaɗin kwangiri. Waɗanda suka yi darasin kimiyya sun san ƙarfe yana miƙewa in ya ji zafi. Kwangirin tagulla mai tsawon mita 10 yakan ƙaru da kusan milimita 6 in zafi ya hau da digiri 30. Saboda haka ake barin ɗan tsakani a kowane mahaɗi, in ba haka ba layin ya tanƙware. Amma fa wannan miƙewa da tsukewa ita ke sassauta mahaɗin, sai a riƙa matse shi lokaci lokaci. Da hunturu kuwa ƙanƙara tana ɗaga ƙasa, shi ya sa in sanyi ya wuce ake ƙara tsakuwa a ƙarƙashin layin, a daidaita shi da ma'auni.

To, yanzu mu zo ga inji da taragai. In tarago ɗaya ne ke yawan sauka daga layi, laifin nasa ne. In kuwa kowane tarago yana sauka a wuri guda, laifin layi ne. Wannan ƙa'ida tana rage wahalar bincike ƙwarai. A tarago, abin da ake fara aunawa shi ne tsakanin ƙafafun biyu daga ciki, wanda ya kamata ya zama kamar milimita 40. Ƙafafun roba suna tara dauɗa, don haka da yawa sukan musanya su da na ƙarfe, waɗanda nauyinsu ke daɗa zaunar da taragon. Ana duba ƙugiyar da ke haɗa taragai, a tabbata duk tsayinsu ɗaya.

A ƙarƙashin inji akwai wasu 'yan ƙarafa da ke gugar kwangiri suna ɗaukar wuta. Suna cinyewa, sai a kwance su da sukundireba a sa sababbi. Mai kuwa ɗigo ɗaya ya isa kowane wuri, giris kaɗan a haƙoran giya, kuma irin wanda ba ya cin roba. Mai in ya yi yawa ƙura yake kira. Akwai kuma injuna masu aiki da tururi na gaske, ana hura su da gas. Su ba a zuba musu sai tataccen ruwa, don ruwan famfo yana barin farar ƙasa a tukunyar. In an gama wasa, a share kowane tarago a shigar da shi ɗaki.

Dattijon nan yana da littafi inda yake rubuta ranar da ya gyara kowane abu. 'Yan'uwana ɗalibai, wanda ke da keke ko rediyo ya gwada wannan dabara. Iyayenmu kuma, don Allah in kun ga yaro yana son gyare-gyare, ku saya masa sukundireba, ku nuna masa inda zai fara.